KALMAR WA'ADI TA MUTANEN SUWIDIN DA KAKANNINTA

A cikin hutun da ya wuce, wani ɗan garinmu da ke karatu a birnin Upsala, can ƙasar Suwidin, ya aiko mini da wasiƙa hankalinsa a tashe. Ya ce wani ofishi ya rubuto masa, wai akwai takarda ɗaya da ba a gani ba cikin takardunsa, an kuwa ba shi mako uku ya kawo ta. Kalmar da aka sa wa wannan mako uku ita ce "tidsfrist". Da ya buɗe ƙamus sai ya tarar an fassara ta da kalmar nan ta Turanci "deadline", wadda dukanmu muka sani a nan kwaleji, gama ita ce mu kan gani a allon sanarwa in ranar miƙa littafin shirin darasi ta matso. Takardar dai ta isa a kan kari, hankalinsa ya kwanta. Amma ni kalmar ta tsaya mini a rai, har na shiga bin sawunta. Abin da na tarar shi ne, ko da ya ke ƙamus ya jera kalmomin nan biyu kamar tagwaye, gidajen da suka fito sun yi nisa da juna ƙwarai. Ɗaya daga sassauci ta fito, ɗaya kuwa daga bakin bindiga.

Kafin mu ci gaba, kada mai karatu ya haɗa Suwidin da Suwizalan, kamar yadda na sha yi sa'ad da ni ke firamare. Suwizalan tana tsakiyar Turai, cikin duwatsu. Suwidin kuwa tana can arewa, tsakanin Norwe da Finlan, babban birninta Sitokholm, mutanenta sun ɗara miliyan 10. Harshensu ɗan ɗaki ɗaya ne da na Denmak da Norwe da tsibirin Aislan. In aka ƙara ja da baya kuma, Jamusanci da harshen Holan da Turancin Ingila duk danginsa ne. Masana suna kiran wannan zuriya Jamanik.

To, ga kalmar: tids-frist. Bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe uku huɗu a jere, saboda haka in ta shigo kasuwarmu, na tabbata "tidisfiris" za ta koma. Kalma biyu ce aka ɗinke. "Tid" shi ne lokaci. "Frist" kuwa ita ce 'yar tazarar da a kan ba mutum kafin a neme shi da wani abu. Wannan "s" na tsakiya aikinsa ɗaya da "n" ko "r" namu na cikin "gidan sarki" ko "ranar aiki", sai dai su jerinsu a juye ya ke. Mu mu kan fara da abin, sa'an nan mai shi. Su kuwa su kan fara da mai shi. Ranar aiki a wurinsu "arbetsdag" ce, watau aiki, sa'an nan s, sa'an nan rana.

Bari mu fara da "tid", gama ita ce mai sauƙi. A tsohon harshen arewacin Turai, wanda a ke kira Nos, watau harshen mayaƙan teku nan Baikin da suka addabi Turai daga wajen shekara ta 800 zuwa 1050, kalmar kusan haka ta ke. Mutanen Holan suna cewa "tijd", Jamusawa suna cewa "Zeit". Wani zai ce, ina abin ya haɗa tid da Zeit? Ku duba waɗannan. Goma a Suwidin "tio", a Jamus "zehn". Biyu "två" da "zwei". Harshe "tunga" da "Zunge". Haƙori "tand" da "Zahn". A kalmomin nan duka, inda mutumin Suwidin ya fara da t, Bajamushe z ya ke sawa, z ɗinsu kuwa faɗinsa kusa da ts ne. Wannan sauyi ya faru a kudancin Jamus fiye da shekara dubu da suka wuce, ya bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Mu ma muna da irinsa a gida. Inda Bakano ya ce fari, faɗi, fita, Basakkwace hwari, hwaɗi, hita ya ke cewa, ba kuwa wanda ya zauna ya shirya musu haka.

Wannan ita ce dabarar masu binciken asalin kalmomi, ina kuwa roƙon mai karatu ya riƙe ta, domin za mu bukace ta a gaba. Kama ta kalma ɗaya ba shaida ba ce. Sai an ga sauyi iri ɗaya ya maimaitu a kalmomi da yawa. Wani mutumin Denmak, Rasmus Rask, ya nuna haka cikin littafinsa na 1818, sa'an nan Jacob Grimm na Jamus, wanda shi da ƙanensa suka tattara tatsuniyoyin ƙasarsu, ya tsara abin sosai a 1822. Sun lura inda Latin ke da d, harsunan Jamanik t su ke da shi: "decem" da "tio", "duo" da "två". Inda Latin ke da p, su f su ke da shi: "pater" da "fader", watau uba, "piscis" da "fisk", watau kifi.

Bisa ga wannan, t na "tid" a can asali d ne. Masana suna danganta kalmar da wani tsohon tushe mai ma'anar yankawa ko rabawa, wanda ya bar 'ya'ya a harshen Girka da kuma Sanskirit na Indiya. Cikinsu har da "demos" ta Girkawa, watau yanki na ƙasa da jama'arsa, wadda ta haifi dimokuraɗiyya. Ashe a wurin mutanen dā lokaci abu ne da a ke yankawa gunduwa gunduwa, kamar yadda mahauci ke kasa nama. Daga tushen nan ne kuma "time" ta Turanci ta fito, da "timme" ta Suwidin, wadda ke nufin awa ɗaya. Turanci yana da ainihin 'yar'uwar "tid", watau "tide", amma ta bar gida ta koma bakin teku. Yanzu cikowar teku da janyewarsa ta ke nufi, domin abu ne mai zuwa a kan lokacinsa. Jarida ma a Suwidin "tidning" ce, a Jamus "Zeitung".

Yanzu sai "frist", wadda ita ce zuciyar maganar. A tsohon Nos "frest" ce, ma'anarta jinkiri, ko ɗaga wa mutum ƙafa. Tsohon Turancin Ingila yana da ita, tsohon Jamusanci yana da ita, da wannan ma'ana. Kalma ce ta shari'a da ciniki. A zamanin nan ba 'yan sanda, ba gidan yari irin na yau. In wani ya ci bashinka, ko ya kashe maka ɗan'uwa, kai da danginka ne masu bin hakki, sau da yawa kuwa da gatari a ke bi. Saboda haka dokokinsu suka cika da ƙidayar kwanaki: kwana kaza kafin a amsa sammaci, kwana kaza kafin a biya diyya. A tsoffin dokokin Norwe akwai wa'adin kwana biyar mai suna nasa na kansa, "fimt", daga kalmar biyar. Cikin waɗannan kwanaki mai bin hakki tilas ya dakata. Watau tazarar kariya ce ga wanda a ke bi, taƙunkumi kuwa ga mai bi.

Wannan tsohuwar ma'ana ba ta ɓace ba, tana nan a warwatse cikin dangi. A Aislan har yau in an ɗage taro "fresta" su ke cewa. A Sikotlan da arewacin Ingila, wuraren da Baikin suka zauna, an daɗe ana cewa "frist" in ɗan kasuwa ya ba mutum kaya bashi, ya lamunce masa zuwa wata rana. Bajamushe in ya ce an kori ma'aikaci "fristlos", watau ba frist, nufinsa an kore shi nan take, ba a ba shi ko kwana ɗaya ya nemi madafa ba. Ku lura, rashin frist shi ne tsanani. Samunta alheri ne.

Akwai wata mai ban tsoro da ban dariya gaba ɗaya, "galgenfrist". "Galge" shi ne gungumen da a ke rataye masu laifi. Galgenfrist ita ce 'yar tazarar da a kan ƙara wa wanda aka yanke wa hukuncin rataya. Yau mutanen Suwidin su kan faɗe ta in an ɗage wani abin da ba makawa sai ya zo, kamar a ce an ɗaga jarrabawa da kwana biyu ga ɗalibin da bai buɗe littafi ba tun farkon zango. Wannan kalma daga Jamus aka ɗauko ta ɗungum, shaidar kuwa tana jikinta. In mutumin Suwidin ya ɗinka kalma da galge da kansa, "galg" kaɗai ya kan sa, kamar "galgbacke", tudun rataya. Wancan "en" na tsakiya ɗinkin Jamusawa ne.

Wannan ya kawo mu ga wata tambaya. In tsohon Nos "frest" ya ke cewa, da e, daga ina i na "frist" ya fito? A tsoffin rubuce-rubucen Suwidin ana samun siffofin biyu. Masana da yawa suna ganin fatake ne suka rinjayar da mai i. Ga yadda abin ya ke. Daga ƙarni na 13 zuwa na 15, cinikin tekun Baltik yana hannun wata ƙungiya ta biranen arewacin Jamus da a ke kira Hansa, shugabarsu kuwa birnin Lubek. Jiragensu su kan kawo gishiri da tufafi da giya, su ɗauki ƙarfe da jan ƙarfe da man shanu da fatu. Suka zauna a Bisbi ta tsibirin Gotlan, da Kalmar, da Sitokholm, suka yi yawa har dokar birane ta Sarki Magnus Eriksson, wajen 1350, ta raba kujerun majalisar gari tsakaninsu da 'yan ƙasa, rabi da rabi. Ba a soke wannan ba sai a 1471. Harshen fataken nan shi ne Jamusancin arewa, na bakin teku, wanda sauyin nan na t zuwa z bai taɓa ba, saboda haka ya yi kusa da na Suwidin, aro kuwa ya yi sauƙi. Kalmomi suka yi ta kwarara: "betala" biya, "handel" ciniki, "arbete" aiki, "skomakare" mai ɗinkin takalma, har da "språk", watau harshe kansa. Su fataken "vrist" su ke rubutawa, v ɗinsu kuwa f a ke faɗinsa. Mutumin da ya ba ka gishiri bashi, shi ne zai faɗa maka ranar biya, da bakinsa kuma zai faɗa. Ban yi mamaki ba da lafazinsa ya ci na mai karɓar bashin.

In muka tambayi kakan kakan "frist", a nan malamai suka rabu biyu. Waɗansu sun ce guntaye biyu ne a ciki. Na fari yana nufin gaba, na biyu kuwa, watau st, shi ne tushen tsayuwa, wanda ke cikin "stå" ta Suwidin da "stare" ta Latin da ƙarshen sunan Pakistan. In haka ne, frist ita ce abin da ke tsaye a gabanka, lokacin da ba ka kai ba tukuna. Waɗansu kuwa sun ce 'yar'uwar "frid" ce, watau salama, da "fri", watau ɗa wanda ba bawa ba, duka daga wani tushe mai nufin ƙauna da sassauci. In haka ne, frist ita ce kwanakin da aka bar ka lafiya. Ni dai zuciyata ta fi kwantawa da ta biyu, domin ta dace da yadda aka yi aiki da kalmar a shari'a. Amma na san wannan shari'a ba zuciya ke yanke ta ba, sautuka ne, masu sanin sautukan kuwa har yanzu kowane ɓangare yana riƙe da hujjarsa.

Akwai ramuka biyu a hanyar nan, na kuwa faɗa cikin ɗaya kafin in gane. A Suwidin akwai kalma "fresta", ma'anarta jarabtar mutum, a ja shi ga abin da bai kamata ba. Da na gan ta sai na yi murna, na ce lalle jinkiri jaraba ne, ga asali ya fito fili. Ashe ba haka ba ne. Wannan daga "freista" ta tsohon Nos ta fito, wata kalma dabam. Mutanen Suwidin da Denmak sun daɗe da mayar da ei ya zama e: "steinn", dutse, ya zama "sten", "bein", ƙashi, ya zama "ben", haka "freista" ta zama "fresta". Mutanen Aislan ba su yi wannan sauyi ba, don haka har yau suna da kalmomin biyu a rarrabe. In mutumin Aislan ya ce ya ɗage taro, kunnen mutumin Suwidin sai ya ji kamar ya ce ya jarabci taron. Rami na biyu shi ne "first" ta Turanci, watau na farko. 'Yar'uwarta a Suwidin "först" ce, ba "frist" ba, ko da ya ke a tsohon Turanci a kan rubuta su iri ɗaya wani lokaci. Na faɗi wannan ne domin mu da za mu tsaya gaban yara. Abin da malami ya faɗa a aji huɗu, yaro ya kan riƙe shi har furfura, asalin kalma na ƙarya kuwa ya fi na gaskiya daɗin faɗi.

To, ita "deadline" fa? Fassararta kai tsaye layin mutuwa, kuma ba ƙari a ciki. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, 'yan Kudu suka buɗe wani sansanin fursunonin yaƙi a Andasonbil, jihar Jojiya, cikin watan Fabrairu na 1864. An shirya shi domin mutum 10,000, amma a watan Agusta na shekarar mutanen da ke ciki sun haura 30,000. An kewaye shi da shingen gungume masu tsawo. Daga ciki kuma, wajen ƙafa 19 daga shingen, aka kafa wani ɗan siririn katako a kan turaku, ya zagaye filin. Duk fursunan da ya ƙetare shi, masu gadi suna da izinin harbe shi ba tambaya. Wannan katako shi ne "dead line". Cikin wata 14 mutum wajen 45,000 suka shiga sansanin, kusan 13,000 suka mutu a ciki, yawancinsu saboda yunwa da zawo da ƙazantar ruwa. Akwai irin layin nan a sansanonin 'yan Arewa ma, amma na Andasonbil ne ya yi suna, domin bayan yaƙi an gurfanar da shugaban sansanin, Henry Wirz, wanda haifaffen Suwizalan ne, aka rataye shi a Washinton ran 10 ga Nuwamba, 1865. Jaridu suka yi ta buga labarin shari'ar, kalmar ta shiga bakin jama'a.

Bayan haka masu ɗab'i suka ɗauke ta, suka sa wa wani layi a jikin injin, wanda in haruffa suka wuce shi ba za su fito daidai a takarda ba. Wajen 1920 kuma 'yan jaridar Amurka suka mayar da ita sunan sa'ar da in labari ya wuce ta, ba zai shiga jaridar gobe ba. Daga nan ta bazu duniya. Ta shiga Suwidin cikin ƙarni na 20 tare da sauran kalmomin Turanci, da rubutunta yadda ya ke, kamar yadda na fataken Lubek suka shiga a dā.

Ba na son in yi wa Turawa dariya da yawa, gama mu ma mun yi irin wannan tafiya. Wa'adi daga Larabci ta zo, asalinta alkawari. Ajali ma daga Larabci, asalinta kuwa lokacin da aka yanka wa kowane abu, har da biyan bashi. Amma yau in ka ce wa Bahaushe ajalinsa ya yi, ba zai tuna da bashi ba.

A Suwidin ta yau kalmomin biyu suna zaune tare, kowace da unguwarta. Kotu da ofisoshin gwamnati sun fi riƙe "frist" da "tidsfrist", shi ya sa ɗan garinmu ya gamu da ita a takardar hukuma. 'Yan jarida da ma'aikatan kamfani da ɗalibai kuwa "deadline" ce a bakinsu. Bambancin asali yana nan a yadda a ke sarrafa su. Frist tana da tsawo: a kan ba da ita, a kan ƙara ta, tana gudu har ta ƙare. Deadline ba ta da tsawo, ɗigo ce, sai dai a matsar da ita ko a wuce ta. Waɗanda ba su son aron Turanci su kan ce "tidsgräns", iyakar lokaci. Abin dariya, "gräns" ɗin ma baƙuwa ce. Daga harsunan Silab ta fito, irin "granica" ta mutanen Folan, ta biyo ta Jamus.

Mai son ya bi sawun kalmar Suwidin ya kan fara da ƙamus na asalin kalmomi wanda Elof Hellquist ya fitar a 1922, sa'an nan ya je ga babban ƙamus na Majalisar Harshe ta Suwidin, wadda Sarki Gustav na 3 ya kafa a 1786. Masu wannan babban ƙamus dai sun sha frist har sun ƙoshi. Kashi na farko ya fito a 1893, ba a kai harafin ƙarshe ba sai a 2023, littafi 39. An buga harafin F cikin shekarun 1920, "frist" tana ciki da tarihinta. Shafukan farko na harafin D kuwa sun riga shi fita, tun kalmar Amurka ba ta sauka Sitokholm ba, saboda haka "deadline" ba ta samu shiga ba, haka ma "dator", sunan da su ke kiran kwamfuta. Da aka gama harafin ƙarshe, sai ma'aikatan suka juya suka koma kan haruffan farko domin su cike waɗannan giɓi.